Shin zubar jini mai yawa tana taurara jajayen ƙwayoyin jinin da suka rage a jiki?

Ɗalibar Ungozoma:
Assalamu alaikum. A ɗakin haihuwa inda nake koyon aiki mun karɓi wata mata da jini ya ɓalle mata bayan ta haihu, aka tsayar da shi, aka ƙara mata leda biyu, awon jininta ya hau, amma tafin hannunta ya daɗe da sanyi kuma fitsarinta bai dawo da wuri ba. Malaminmu ya ce ba yawan jini kaɗai ke raguwa ba, ƙwayoyin da suka rage ma suna taurara. Ina roƙon masana su fayyace mini yadda hakan ke faruwa.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminku ya faɗi gaskiya. Faɗin jar ƙwayar jini kusan maikuromita 8 ne (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali wasu ƙananan jijiyoyin da take ratsawa ba su kai faɗinta ba, don haka dole ta lanƙwashe ta wuce sannan ta koma siffarta, kuma haka take yi tsawon kwana 120 na rayuwarta. Abin da ke ba ta wannan laushi wata raga ce ta furotin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin fatarta. Zaren ragar shi ne sifektirin, wani furotin mai suna ankirin kuma yana ɗaure ta da wani furotin da ake kira band 3, wanda ya kafu cikin fatar kamar turke, shi ne kuma ƙofar da sinadaran bayikabonet da kulorayid ke musaya ta cikinta.

Idan mutum ya rasa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na jininsa, jiki yana matse jijiyoyin fata da hanji da ƙoda domin ya tura abin da ya rage zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa. Sassan da aka hana iskar oksijin sai su tara sinadarin laktik, jini ya yi tsami. Jar ƙwaya daga sukari kaɗai take samun ƙarfi, tsamin kuwa yana rage mata saurin sarrafa shi. Da ƙarfinta ya ragu, famfon da ke fitar da kalsiyam ya yi rauni, kalsiyam ya taru a ciki, sai wata ƙofa ta buɗe, fotasiyam ya fice, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta yamushe. Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina ɗalibi shi ne, wata ɓarnar tana zuwa ne a lokacin da jini ya dawo wa sassan da suka ji ƙishirwarsa, domin a nan ne miyagun sinadaran oksijin ke yawaita, su lalata himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin ƙwayar, shi kuma ya manne da band 3 ya dunƙule shi wuri guda. Ƙwayar da ta kai wannan hali tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, saifa kuma tana tsince ta kafin lokacinta.

Likitan Tiyata:
Bayanin Malam ya gamsar. Zan ƙara cewa mafi yawan gwaje-gwajen da suka auna wannan taurarar kai tsaye a kan ɓeraye aka yi su. A gaban gadon mara lafiya, sanyin hannu da ƙarancin fitsari sun fi nuna cewa jijiyoyi na nan a matse, ko jinin bai gama cika ba, ko kuma yana ci gaba da zuba a ɓoye, kuma wannan na ƙarshe shi nake so ki fara nema kafin komai.

Ɗalibar Ungozoma:
Na gode, Likita. To jinin ledar fa, shi ma ba ya taurara a firji?

Likitan Tiyata:
Yana taurara, domin ƙarfin ƙwayoyin yana raguwa a ajiya kuma fatarsu tana zagwanyewa, shi ya sa ake ƙayyade masa kwana 35 ko 42 gwargwadon ruwan da aka adana shi da shi. Sai dai wani bincike da aka yi a asibitin Mulago na Kamfala, aka wallafa a 2015, ya gwada tsohon jini da sabo a kan yara 290 masu matsanancin ƙarancin jini, kuma duka biyun sun rage tsamin jinin daidai da juna. Saboda haka kada a jinkirta ƙarin jini don jiran sabuwar leda. Waɗanda nake fi jin tsoro a kansu su ne masu sikila, domin tsamin jini da ƙarancin oksijin da bushewar ƙwaya su ne ainihin abubuwan da ke lauje ƙwayoyinsu, don haka idan mai sikila ce ke naƙuda, a tanadi jinin da ya dace da ita tun kafin ta hau gadon haihuwa, a kuma lulluɓe ta kada sanyi ya kama ta.