Ƙanena ya ba da aron asusun banki, ashe kuɗin damfara aka zuba: wane hukunci ke jiransa?

Mai tambaya daga Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana shari'a su haska mana wani lamari da ya hana gidanmu barci. Ƙanena yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre, sai wani abokinsa ya roƙe shi lambar asusunsa, wai za a turo masa kuɗi amma nasa asusun ya samu matsala. Kuɗi suka shigo har sau 3, yana cirewa yana miƙa masa, shi kuma yana ba shi ɗan na goro. Daga baya ta bayyana cewa abokin ya ƙwace WhatsApp ɗin wata Hajiya ne, bayan ya yaudare ta ta karanta masa lambobi 6 da aka turo mata, ya riƙa neman rance a wurin 'yan uwanta da sunanta. Yanzu an rufe asusun, ƙanena yana hannun hukuma, abokin kuwa ya yi layar zana. Shin wanda bai yi kutse ba, asusu kawai ya bayar, doka za ta hau kansa? Idan muka biya kuɗin, magana ta mutu?

Lauya daga Gyaɗi-Gyaɗi:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Dokar da ta fi shafar wannan batu ita ce dokar hana laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙararrakin da aka shigar a ƙarƙashinta. Abin da abokin ya aikata ya faɗa sashe na 22, wato yin sojan gona da sunan wani domin a cuci jama'a, wanda hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 7, ko a haɗa duka biyun. Mai gabatar da ƙara yana kuma iya ɗauko dokar damfara ta 2006, wadda jama'a suka fi sani da 419, ita kuwa ta fi tsanani, domin ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba.

Inda ƙaninku ya shigo shi ne sashe na 27 na dokar 2015, wanda ya ɗora wa mai taimako da mai haɗa baki irin hukuncin wanda ya aikata laifin da hannunsa. Amma abin da ya fi damuna shi ne dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022, wadda ta tanadi shekara 4 zuwa 14, saboda ba ta tsaya ga wanda ya san kuɗin na haram ne ba, ta haɗa da wanda ya kamata a ce ya sani. Alƙali zai tambayi kansa: mai hankali da ya ga baƙin mutane suna turo kuɗi sau 3, ana kuma ba shi lada a kan cirewa kawai, ba zai yi zargin komai ba? A nan shari'ar za ta tsaya ko ta faɗi. Saboda haka kada kowa ya goge saƙonnin da suka yi da abokin, wataƙila su ne za su nuna cewa shi ma yaudararsa aka yi.

Dattijo daga Fagge:

Barista, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai a ganina a tashi manya su je gidan Hajiyar nan da kuɗinta a hannu, a ba ta haƙuri. Mu Kanawa ba mu saba barin magana ta kai kotu ba alhali akwai dattawa a unguwa, kuma yaron da ya shiga gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a kan ɗan na goro, da wuya ya fito yadda ya shiga.

Malama daga Gwale:

Baba, ina girmama shawararku, amma ina so a tuna da ɓangaren waɗanda aka cuta, domin irin wannan ya taɓa faɗa wa yayata. Kuɗin da aka karɓa da sunanta bai dame ta ba kamar yadda ta riƙa bin dangi gida gida tana rantsuwa cewa ba ita ta roƙe su ba, har yau ma akwai masu kallonta da abin. Ɓarawon waya ba ya iya cin kuɗin sai ya samu asusun da zai zuba su, don haka ban yarda mai ba da asusu ɗan kallo ne ba. A je a ba da haƙurin, amma a je da sanin cewa an taɓa mutuncin baiwar Allah.

Lauya daga Gyaɗi-Gyaɗi:

Baba, zuwan yana da amfani, sai dai yafiyar Hajiya ita kaɗai ba ta rufe ƙara, domin a shari'ar laifi gwamnati ce mai ƙara, Hajiya shaida ce. Inda biyan kuɗin ke aiki shi ne wajen sassauci. Sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba da damar a daidaita da mai gabatar da ƙara, wanda ake tuhuma ya amsa laifi, ya mayar da abin da aka ci, a rage masa hukunci. Amma ku sani cewa wanda ya bi wannan hanya ya zama mai tabon hukunci a takarda, don haka idan da gaske bai san komai ba, kada a gaggauta sa shi ya amsa. Kuɗin kuma a biya ta hannun lauya, da shaidu da rubutu.

Mai tambaya daga Ɗorayi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wayarsa tana hannun masu bincike, kuma ya tabbatar mana bai goge komai ba. Gobe da safe in sha Allahu za mu ga lauya tare da kawunmu, kafin a sa ranar zuwa gidan Hajiya.