Abin da aka tsaya a kai game da doguwar tafiya a keke

Salam 'yan uwa, magana ta yi tsawo sai na ce bari in tattaro mana ita wuri guda.

1. Lokacin fita babu wanda ya yi musu, ana idar da Asuba a ɗau hanya, kafin sha ɗaya a nemi inuwa, balle a bazara. La'asar sakaliya a ci gaba.

2. Kayan faci dole ne: famfo, sholisho, tif na safaya da sifana. Masu bin burtali sun jaddada wannan sosai, don tsidau da ƙayar aduwa ba sa barin taya, kuma za ka wuce ƙauye uku ba ka ga mai faci ba.

3. Hanya kuwa an rabu. Wasu sun ce Wudil zuwa Gaya, wasu Dambatta zuwa Kazaure saboda duwatsu da dam. Amma kowa ya yarda a kauce wa Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa ce, manyan motocin shanu sun cika titi.

4. Irin keken da za a hau, nan aka fi ja. Matasa sun dage sai keke mai giya, dattawa suka ce Phoenix ta fi jure kaya kuma kowane mai gyara ya san ta. Ni dai ina bayan dattawa, don na taɓa tura mai giya cikin rairayi har tafin hannuna ya yi bororo.

5. Guzuri: ruwa, dabino, fura in an samu. Tafiyar dare babu fitila kuma a bari.