Kuɗin notis kaɗai ya isa a sallami ma'aikaci?

Alhaji: Jama'a, ni ban ga abin ja a nan ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya yanka wa'adin notis, wato sanarwar da ake ba ma'aikaci kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan zuwa sama. Ka ba shi notis ko kuɗinsa, magana ta ƙare. Kotun Ƙoli ma a shari'ar Shell ta 1993 ta ce ba sai an faɗi dalili ba.

Barista: Ranka ya daɗe Alhaji, hukuncin gaskiya ne, amma an bar shi a baya. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya shigo da sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba ko an yi wa ma'aikaci adalci, har da auna lamarin da ƙa'idojin aiki na duniya. Da wannan ta dogara a shari'ar Diamond Bank ta 2015 ta ce sallama sai da dalili, wanda ya shafi hali ko ƙwazon ma'aikaci, ko buƙatar kamfani.

Alhaji: To ai wannan ƙa'idar daga Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya aka ɗauko ta, Najeriya kuwa ba ta amince da ita ba. Ta ina za ta hau kaina?

Barista: Nan ka taɓa inda lauyoyi ke kai ruwa rana, kuma hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara ba su zo baki ɗaya ba. Sai dai ƙarar a Kotun Ma'aikata za a fara shigar da ita, can za ka fara kashe kuɗi. Kuma ko a shari'ar da ka kawo, laifi aka ba kamfanin, don bai biya kuɗin notis a lokacin da ya miƙa takardar sallama ba. "Ka je ofishin akanta daga baya" ba biya ba ne.

Kwamared: A ƙara da batun diyya. A da, abin da wanda aka kora zai samu bai wuce albashin notis ba. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da albashin shekara biyu a shari'ar Sahara Energy, ga ma'aikaciyar da aka matsa wa ta ajiye aiki.

Hajiya: Ni a ganina inda ake faɗuwa shi ne fayil, wato takardun da kamfani ya ajiye kan ma'aikacin. Wani don gudun rigima sai ya rubuta "ba ma buƙatar aikinka", alhali mako biyu kafin nan ya zargi mutum da sata a gaban jama'a. Wani kuma ya rubuta "sata" ɓaro-ɓaro ba shi da hujja, ya manta duk dalilin da ka rubuta kai za ka tabbatar da shi a kotu. Abin yi: takardar tuhuma mai ɗauke da laifin da ranar da aka yi shi, lokacin amsawa a rubuce, zaman kwamiti da sa hannun kowa, sannan hukunci daidai da littafin ƙa'idojin kamfani. In ya ƙi karɓar takardar, shaida ya rubuta hakan ya sa rana.

Alhaji: Hajiya, duk wannan a kan lebura?

Hajiya: Har shi, Alhaji. Kuma wa'adin da ka lissafo ma bai shafi manaja ko injiniya ba, sashe na 91 ya cire su. Nasu na cikin takardar ɗaukar aiki, in wata uku ta ce, wata uku za ka biya.

Kwamared: In kuma rage ma'aikata ne don kasuwa ta ja baya, a kira shi da sunansa. Sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata, wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, amma ana duba ƙwarewa da riƙon amana.

Alhaji: Batun fayil na karɓa. Amma tilas a faɗi dalili, wannan kam ban sauka ba tukuna.