Sharhin littattafai ya hana ni ci gaba da nawa labarin, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina neman shawararku.

Na daɗe ina sharhi a kan littattafan ƙagaggun labaran kimiyya, kuma ina rubuta nawa: wani iyali ne da suka yi ƙaura zuwa duniyar Mars. Da na gama sharhin littafin wani, sai in dawo kan nawa da idon mai neman kuskure, in rubuta jimla in goge. Wani lokacin ma muryar marubucin da na karanta ce ke fitowa a rubutuna, ba tawa ba.

Babin uwa da 'yarta ne ya fi cije mini: ɗaya tana Mars, ɗaya tana duniyarmu. Saƙo tsakanin Mars da duniyarmu yakan ɗauki kamar minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakaninsu a lokacin, don haka babu hirar waya, sai aikawa da jira. Wannan jiran ne ƙashin bayan labarin. Amma waɗanda na nuna wa, wasu sun ce lissafi ya yi yawa, wasu suka ce tatsuniya ce kawai, me zai kai Bahaushe Mars?

Ba na son barin sharhin, don shi ya koya mini karatu a natse. Ku da kuke haɗa biyun, yaya kuke raba lokaci? Kuna daina karanta irin labarin da kuke rubutawa ne har sai kun kammala? Kuma bayanin kimiyya, a ina ya kamata in tsaya kafin mai karatu ya gaji?