Injin tuƙi da kwalekwale: shawarwarin da muhawara ta haifar

Muhawara ta yi zafi tsakanin masu atisaye a kan injin Concept2 (injin motsa jiki mai kwaikwayon tuƙin kwalekwale) a ɗaki da masu tuƙa kwalekwalen tsere a ruwa. Ga abin da na tsinta.

Mafi yawan gardamar a kan lokacin da ake ɗauka a tuƙa mita 2000 take. Matuƙan ruwa sun ce inji bai damu da nauyinka ba, shi kuwa kwalekwale nitsewa yake ƙara yi idan ka yi nauyi, ruwa ya riƙe shi. Don haka ƙato zai iya doke siriri a ɗaki, siririn ya bar shi a baya a kogi. Inji kuma ba ya koya maka daidaita jirgi ko shigar da filafili cikin ruwa da kyau. Ni ma ra'ayina ke nan.

Game da masu cika baki kan lokacin da suka yi a inji, an ce a riƙa tambayarsu shekaru, nauyi da hoton allon injin. Josh Dunkley-Smith na Ostireliya ya yi mita 2000 a kan inji cikin minti 5 da daƙiƙa 35.8 a 2018, don haka sabon shiga da ya ce ya kusanci wannan, sai ya kawo shaida.

An kuma gargaɗi masu kai sandar iska (wadda ke daidaita iskar da ke shiga fankar injin) lamba 10. Wannan nauyin ja kawai yake ƙarawa, baya kuma ya sha wuya. 3 zuwa 5 ya ishi yawancin mutane. Ƙafafu ne ke fara turi, sannan baya, hannu a ƙarshe. Yawancin atisayen mako ya zama dogo a hankali, ja 18 zuwa 22 a minti, mai tsanani kuwa sau biyu.