Kwana 40 ne ko 46?

Sabuwar Baƙuwa:
Salama gare ku. Bana ne karo na farko da zan yi azumin Lent, wato azumin Kirista kafin bikin Ista. Jiya na ɗauki biro na ƙirga a kalanda, daga Larabar Toka, ranar da ake shafa toka a goshi, har Asabar ɗin jajibirin Ista, sai na samu kwana 46. To ina 40 ɗin da ake ta faɗa? Ko lissafina ne ya ruɗe?

Malamin Katikisma:
'Yar'uwa, lissafinki daidai ne. Cire Lahadi 6 da ke ciki, ki ga abin da ya rage. Ba a azumi ran Lahadi, domin ranar tashin Ubangiji ce. 40 ɗin kuwa kwanakin da Yesu ya yi a jeji ne.

Kaka Mai Addu'a:
Jikata, kada ki wahalar da kanki. A Katolika, azumin dole kwana biyu ne kacal, Larabar Toka da Juma'ar Gicciye, ga masu shekara 18 zuwa 59. Sauran Juma'o'in nama kawai ake bari. Ni tsufa ya sauke mini, amma goshina bai taɓa rasa toka ba.

Sabuwar Baƙuwa:
Na gode, Kaka. Tokar fa, daga ina take?

Malamin Katikisma:
Ganyen dabinon da aka riƙe bara ran Lahadin Dabino, mako guda kafin Ista, shi ake ƙonawa.