Ampul ekonomik: wane suna za a kira shi da shi a rediyo?

Mai shiri, Tawa: Salamu alaikum. Gobe da safe ina da shiri kan ampul ɗin nan mai murɗaɗɗen gilashi da 'yan kasuwa ke kira ekonomik. Takardar da aka ba ni da Faransanci take. Don Allah ku taimaka da suna kafin isha.

Malamin Hausa, Yamai: Wa alaikumus salam. Ƙwan tsimi. Ko ma tsimau, yadda muke cewa mantau. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake ci na wutar da tsohon ƙwai mai zare ke sha.

Hajiya: Malam, ka ce tsimi a rediyo da sassafe, mata za su ɗauka wani abu daban ake talla.

Mai gyaran wuta: Ku bar batun tsimin nan. A kwali ana rubuta awa 6,000 har 15,000, mai zare kuwa 1,000. Amma a gindinsa akwai 'yan kayan lantarki, su ne ba sa son zafi. Ka rufe shi cikin kwanon gilashi a watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, gindi sama, in ka ciro sai ka ga robar ta yi ruwan ƙasa tana ƙauri. Ga kunnawa da kashewa a bayan gida, ga kuran da ke hawa yana sauka. Wanda ya mutu kafin kaka tsimin me ya yi? Mu dai ampul mai murɗe muke cewa, kowa ya gane.

Malamin Hausa: Ampul da kuran ba Hausa ba ne. A littafi ƙwan lantarki ake rubutawa.

Dattijo, Tawa: Littahin Kano ke nan. Lantarkin naka daga bakin wa anka aro shi? Mu nan Adar in ka ce ƙwai, kaza za a nuna maka.

Malamin Hausa: Baba, ban raina Adaranci ba. Amma tsimau namu ne, ba mu roƙi kowa ba.

Hajiya: Ku yi ta musu. Ƙanena, abin da za ka gaya wa mutane shi ne akwai zaiba kaɗan a ciki. In ya fashe a fitar da yara, a buɗe taga, a kwashe da kwali, kar a sa hannu.

Mai gyaran wuta: Kuma sabon ampul ɗin nan da ake kira LED ya riga ya kore shi daga kanti.

Mai shiri: Na gode. Zan ce ampul mai murɗe. Wurin awoyin kuma in ce ƙarko.

Malamin Hausa: Ƙarko na yarda. Ampul ban yarda ba. Ka ambaci tsimau ko sau ɗaya ne, mu ji abin da masu kira za su ce.

Mai shiri: In lokaci ya ragu, Malam.